Injin Hagu

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Tsohuwa ba ta dawo ba.

Haka muke kiran jirgin, don ta girmi rabin samarin da ke tuƙa ta. Inji biyu gare ta, kaya take ɗauka. Da safe ta tashi da magunguna da barguna za ta kai wa sojojinmu da ke bakin daga, ta kwaso waɗanda suka ji rauni. Ƙarfe biyu ya kamata in ji kukanta bisa rumfar gyara. Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashin fiffikenta da sifana, ko cikin barci na san kukanta.

Mutum huɗu ne a ciki. Kyaftin mai tuƙi. Laftanan, mataimakinsa. Aku mai rediyo. Sai Auta, ƙanin matata, wanda ke lura da injuna idan ana sama.

Wani daga hasumiyar filin jirgi ya sauko shan ruwa, na tare shi a bakin famfo. Ya ce wajen sha ɗaya suka ji muryar Aku yana cewa inji ɗaya ya mutu, suna neman inda za su sauka. Daga nan shiru.

Na ce, "Wane injin?"

Ya ce, "Na hagu."

Na sake tambayarsa. Ya dube ni ya ce, "Saje, ai na ce maka hagu."

A kan teburin kayan aiki nake rubuta wannan. Kowa ya tashi. Ban san da wace fuska zan shiga gida ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ban faɗa wa matata, Uwar Biyu, jiya ba. Na ce aiki ya riƙe su can. Uwar Biyu ta ce, "To Allah ya sa ya ci wani abu, wannan yaron in ba a tsare shi ba sai ya wuni da shayi." Ta rufe masa nasa abincin ta ajiye. Na ci nawa duka don kada ta lura.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Manjo, shugaban sashenmu na gyara, ya zo rumfa da kansa. Bai saba ba. Ya ce in ba shi littafin Tsohuwa, wanda duk gyaran da aka yi mata ake rubutawa a sa hannu. Na miƙa masa. Ya buɗe shafin ranar Litinin, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe ya sa a hammata.

Ya ce, "Hanyar nan da suka bi, harbi ake yi a kanta kullum. Ka sani ko?"

Na ce, "Na sani, Yallaɓai."

"To."

Ya tafi.

Na faɗa wa Uwar Biyu da na koma gida. Tana guga. Ta ji ni har ƙarshe, ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta ce, "Tun jiya ka sani." Na ce e. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauko rigar makarantar ɗaya daga cikin 'yan biyunmu ta ci gaba da guga, wuri ɗaya take ta gogewa har sai da na ji ƙaurin ƙuna.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Inna ta iso, surukata. Ita kaɗai ta hau motar haya, da jaka ɗaya da ƙaramin rediyonta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Baban Biyu, kai ka san jirgin nan ciki da waje. Ka faɗa mini gaskiya, irinsa yana faɗuwa mutum ya tashi?"

Na ce, "Inna, ba faɗuwa ya yi ba. Sauka ya yi ta dole. Da bambanci."

"Mene ne bambancin?"

Na yi mata bayani: faɗuwa jirgi ne ke da iko da mutum, saukar dole kuwa har yanzu matuƙi ne ke da iko da jirgi, wurin sauka kawai ya rasa. Ta gyaɗa kai, ta ce zancen ya shiga. Ni da na faɗa ban san ko ya shige ni ba.

An ba ta ɗakin Auta. Ta ƙi kwanciya a gadonsa, ta yi shimfiɗa a ƙasa.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Babu labari.

Asabar, ƙarfe uku na yamma

An ga Tsohuwa.

Ƙaramin jirgin leƙe ya ɗauko hoto daga sama. An kira ni ofis don in duba, wai ni na fi kowa sanin jikinta. Tana kwance a kan yashin wani busasshen kogi, can bayan layin abokan gaba. Da ciki ta sauka, tayoyi na naɗe. Ga sawunta a yashi, dogo, miƙaƙƙe kamar an ja shi da igiya. Fiffiken dama ya karye a ƙarshe inda ya bugi gaɓar kogi. Hancinta ya lotse ta ɓangaren matuƙi. Babu alamar wuta. Ƙofar baya a buɗe take. Babu mutum ko ɗaya a hoton.

Wani babban hafsa ya tambaye ni me na gani. Na faɗi duk wannan. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Akwai wani baƙin zane da ya taso daga injin hagu ya bi bayan fiffike har wutsiya. Kowa zai ɗauka inuwa ce. Manjo yana tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Ban nuna musu zanen ba.

A gida na ce musu ƙofa a buɗe take, kuma daga ciki ake buɗe ta. Uwar Biyu ta fashe da kuka a karon farko. Inna ta ce a bar ta ta yi.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

'Yan biyu sun tambayi yaushe Kawu zai dawo ya gyara musu keke. Na ce zan gyara. Suka ce a'a, shi ya fi ni iyawa. Na gyara duk da haka. Sau uku ina kwance noti ɗaya ina sake ɗaurewa.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

An kafa kwamitin bincike. Magatakardansu ya zo rumfa yau, wani mai gilashi, yana tattara tarihin mutanen huɗu. Ya ce a fayil babu komai sai lamba da ranar shiga aiki, ko zan ƙara masa wani abu tunda na daɗe da su. Na ba shi abin da zai shiga takarda. Sauran zan rubuta a nan, don kada ya ɓace.

Kyaftin ɗan direban babbar mota ne. Ya ce tun yana ƙarami ubansa ke ɗora shi a cinya ya riƙe sitiyari. Wannan ba ita ce saukarsa ta dole ta farko ba. Shekara shida da suka wuce, farkon yaƙin nan, aka fasa masa tankin mai, ya sauke wani jirgi a gonar masara da mutum goma sha tara a ciki, babu wanda ya karye ko yatsa. Da manomin ya zo yana faɗa, Kyaftin ya cire hula ya ba shi haƙuri, ya taya shi tsince masarar da ta zube. Ba ya shiga jirgi sai ya zagaya shi sau biyu yana shafa jikinsa. Kullum kafin ya hau sai ya ce mini, "Saje, lafiyarta?" in ce, "Lau, Yallaɓai." Bai taɓa buɗe littafi ya duba bayana ba. Ko sau ɗaya.

Ranar Talata ma ya tambaya.

Laftanan wata huɗu ke nan da gama makarantar tuƙi. Yana jin kunyar a san yana amai idan iska ta yi ƙarfi. Duk mun sani.

Aku da can mai gyaran rediyo ne a kasuwa. Ya shiga soja ne don wata yarinya ta ce ba ta son mai zaman shago. Ya shiga, ta auri wani mai shagon. Shi da kansa yake ba da labarin, kullum da sabon ƙari.

Auta kuma ni na kawo shi. Inna malamin makaranta ta so ya zama. Yana zuwa hutu gidanmu, ya riƙa bina rumfa, har ya fi wasu ma'aikatana sanin sunan kaya. Ni na cika masa takardar shiga. Ni na je na lallashi Inna, na ce mata ai a hannuna zai kasance. Yana tsokanata cewa don ya ba ni yayarsa kyauta ne nake masa biyayya, in ce masa ai ni na taimaki gidansu na rage musu mai surutu. Haka muke.

Magatakarda ya tambaye ni wa ya duba jirgin a ƙarshe kafin ya tashi. Na ce yana cikin littafi.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Mako ɗaya cif. Na tsinci kaina na fito bakin rumfa ina kallon gabas.

Laraba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Matar Kyaftin ta zo gaishe da Inna. Doguwar mace ce, ba ta da yawan magana. Da za ta tafi na raka ta bakin ƙofa. Ta ce, "Saje, kullum yana cewa in dai kai ka taɓa jirgi, zai tuƙa shi ido a rufe. Shi ya sa hankalina bai tashi sosai ba. Na san ba daga jirgin ba ne."

Na ce Allah ya dawo da su lafiya.

Na shiga bayan gida na rufe ƙofa. Na daɗe. Uwar Biyu ta ƙwanƙwasa ta ce ko cikina ne. Na ce e.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Manjo ya kira ni ofishinsa. Ya ce in zauna, har ya zuba mini shayi da hannunsa.

Ya ce kwamiti zai saurare ni nan da kwana goma. Ya ce kowa ya san hanyar, kowa ya san harbi. Jirgin yana bayan layi, babu mai zuwa ya buɗe injinsa. Ya ce, "In harbi ne, iyalansu za a riƙe su a matsayin iyalan jarumai. In wani abu ne daban, za a yi ta ja-in-ja shekara da shekaru, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi za a fara kamawa. Ba nawa ne a kai ba, Saje."

Gaskiyarsa. Ba nasa ba ne.

Na ce, "Yallaɓai, sauran biyun fa?"

Ya ce, "Wane biyu?"

Ya sani sarai. Muna da jirage biyu irin Tsohuwa, sa'anninta, kuma duk kayan jikinsu tare suka tsufa. Kullum suna tashi.

Ya ce kayan gyara suna hanya. Wata bakwai ke nan suna hanya.

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Na farka hannuna a dunƙule kamar ina riƙe da sifana.

Lahadi, ƙarfe uku na yamma

Inna ba ta rabuwa da rediyo. Duk tashar da ta kama sai ta tsaya, har ta abokan gaba, wadda aka hana mu ji. Ban hana ta ba. Yau sun karanta sunayen waɗanda suka kama. Sunan Aku yana ciki, shi kaɗai. Sun ce yana da rai.

Na yi murna, sannan na ji kunyar abin da ya biyo bayan murnar. Tunanin da ya zo mini shi ne, Aku bai san komai game da inji ba.

Uwar Biyu ta ce, "In sun kama ɗaya, ina ukun?"

Ta fara lura da ni. Ta ce, "Baban Biyu, ƙanina ne ya ɓace, amma kai ka fi ni ramewa." Na ce aiki ne. Ta ce, "Shekara goma sha huɗu ina wanke kayan aikinka. Na san ramar aiki."

Litinin, ƙarfe sha biyu na rana

Ɗaya daga cikin sa'annin Tsohuwa biyu ta tashi da safe. Na tsaya har ta ɓace. Na tsaya har ta dawo. Tsakanin nan ban san abin da na yi ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya. Ko takarda ce ta sani.

Ranar Litinin ɗin da ta gabaci tashin Tsohuwa, da yamma, na ga baƙin mai yana tsattsafowa daga injin hagu. Na buɗe. Tiyon da ke kai mai cikin inji ya tsage a gindi. Babu sabo a sito. Na je wurin Manjo na ce jirgin nan ba zai tashi gobe ba. Ya ce akwai mutum talatin da rauni suna jiran a kwaso su, wasu ba za su kai jibi ba. Ya ce in nemo dabara. Na je bayan rumfa inda wani mataccen jirgi yake, na ciro nasa tiyon. Na lanƙwasa shi a hannu, na ji ya bushe, na ga 'yan tsage-tsage a bayansa kamar tafin ƙafar tsoho. Na ɗaura shi. Na tayar da inji minti goma, bai zubar ba. Na rubuta "an sauya tiyo". Ban rubuta da wane iri ba. Na sa hannu.

Auta yana wurin. Shi ya riƙe mini fitila. Ya taɓa tiyon da yatsa ya ce, "Yaya, wannan zai kai mu?"

Na ce, "Zai kai ku ya dawo da ku."

Ya ce, "To, tunda kai ka faɗa."

Shi ke nan. Na rubuta.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Biyu sun fito. Auta da Laftanan. Wasu masunta suka tsallako da su cikin kwalekwale, suka miƙa su ga sojojinmu. Ba zan iya rubutu da yawa ba.

Kyaftin ba ya cikinsu.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Mun je asibitin bariki, ni da Inna da Uwar Biyu. Da ƙyar na gane shi. Ya zama ƙashi da ido. Ƙafafunsa duka a naɗe, likita ya ce za a cire yatsu biyu na dama. Inna ta zauna a bakin gado ta kama kunnensa ta riƙe, kamar yadda ake yi wa yaro mai ƙiriniya. Shi kuma yana ta cewa, "Inna, da zafi fa."

Da matan suka fita neman ruwan zafi, ya ba ni labari, a hankali, yana hutawa.

Ya ce suna cikin tafiya ya ga allurar mai ta hagu tana sauka. Kafin ya gama faɗa wa Kyaftin, mai ya wanke tagar gefe. Suka kashe injin. Na dama shi kaɗai ya kasa ɗaukar nauyin, ya fara zafi. Suka buɗe ƙofa suna ta jefar da kaya, duk da haka ƙasa tana matsowa. Kyaftin ya hango kogin. Ya ce kowa ya koma baya ya riƙe wani abu, har Laftanan ya kora. Shi kaɗai ya zauna a gaba.

"Yaya, ko ƙwai ne a hannunka ba za ka ajiye shi haka ba. Sai a ƙarshe fiffike ya bugi gaɓa, hancin ya juya ya daki dutse. Ta gefensa."

Sun ciro shi da rai, ƙirjinsa ya murƙushe. Suka ɗauke shi a kan wata ƙofa da suka ɓalle a cikin jirgin suna tafiya da dare, suna ɓuya da rana. Aku ya tafi neman ruwa a kwana na biyu, bai dawo ba. A kwana na uku Kyaftin ya cika. Suka haƙa masa da hannu da wani guntun ƙarfe a gindin wata bishiya. Laftanan ya zana taswirar wurin a cikin hularsa. Auta ya ce yaron nan da muke yi wa dariya, shi ya goya shi kwana biyu na ƙarshe.

Na ce, "Auta, tiyon ne?"

Ya kalli ƙofa, ya ga ba kowa. Ya ce, "Mutanen kwamiti sun zo da safe. Na ce musu harbi ne."

"Na tambaye ka, tiyon ne?"

"Yaya, 'yan biyu suna makaranta. Yayata ba ta da kowa sai kai. Kyaftin ya riga ya tafi, babu abin da zai dawo da shi. Laftanan bai ga komai ba, yana gaba. Ni kaɗai na gani, kuma na ce harbi ne."

Sai ga su sun dawo da ruwan zafi. Ya juya yana tsokanar yayarsa wai ta yi ƙiba da ba ya nan.

Asabar, ƙarfe tara na safe

An rufe mini ƙofa ta kowane gefe, kuma duk da alheri aka rufe ta. Manjo ya gaishe ni da fara'a yau.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na buɗe injunan sauran biyun, ni kaɗai, ba wanda ya sa ni. Tiyo huɗu. Uku sun bushe. Ɗaya na matsa shi da babban yatsa, ya buɗe baki. Na ciro shi na ajiye.

Matuƙin da zai tashi da ɗaya daga cikinsu ranar Talata ya wuce ta rumfa, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Saje, lafiyarta?" A wurin Kyaftin ya koyi tambayar.

Na yi kamar ban ji ba.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Na faɗa wa Uwar Biyu. Duka. Muna tsakar gida, tana tsefe wa ɗaya daga cikin yaran kai, na ce ta sallame ta tukuna.

Ta saurara. Da na kai wurin da Auta ya tambaye ni, ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Ya tambaye ka?"

"Ya tambaya."

"Ka ce masa me?"

Na faɗa mata.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Can ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Kwana goma sha shida ina kwana kusa da kai ina roƙon Allah ya saka mana a kan wanda ya harbo su." Ta koma ciki.

Na ce mata ta bayan labule gobe zan faɗa wa kwamiti.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Na faɗa.

Hafsoshi uku a bayan dogon tebur, magatakarda a gefe, Manjo a kujerar baya. Na shiga da tiyon da na ciro ranar Asabar a cikin jaka. Da shugabansu ya tambaye ni ko ina da abin da zan ƙara a kan littafi, na ɗora shi a kan tebur na lanƙwasa shi a gabansu. Ya tsage. Na ce irinsa na ɗaura wa Tsohuwa, kuma na san halinsa lokacin da na ɗaura. Na nuna musu baƙin zanen da ke cikin hoto. Na ce irinsa ne a jikin jirgin da zai tashi gobe.

Shugaban ya ce, "Injiniyan jirgin ya ce harbi ne."

Na ce, "Yallaɓai, ƙanin matata ne. Kwana goma sha shida ya yi a daji. A yi masa uzuri."

Ya tambaya ko wani ya umarce ni. Na faɗi abin da Manjo ya ce da abin da na ce, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce amma hannun da ke kan takarda nawa ne, kuma ina iya ƙin sawa.

Ban waiwaya baya ba. Na ji ƙarar kujera, na ji an rufe ƙofa.

Da na fito na zauna a kan matakala har wani soja ya ce in matsa.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Jirgin bai tashi ba. An hana su duka biyun tashi. Ban san wa zai kwaso masu rauni yau ba. Wannan ma yana kaina.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Auta ya ƙi kallona. Ya juya fuska bango ya ce, "Ka mayar da ni maƙaryaci a gaban manya." Na ce na gode da abin da ya yi niyya. Ya ce, "Ban yi don ka gode ba." Na zauna rabin awa a bakin gadonsa. Da zan tafi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na taɓa shi da hannuna, Yaya. Ni ma na ji ya bushe. Na shiga jirgin duk da haka." Na ce wannan ba nasa ba ne. Ya ce, "Kai ka faɗa."

Inna ta sani yanzu. Na durƙusa gaishe ta da safe, ta amsa a taƙaice. Ta ce, "Ka ce a hannunka zai kasance." Na ce na faɗa.

Uwar Biyu tana ajiye mini abinci, ba ta zama.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Hukunci ya fito. An rage mini igiya biyu, an cire ni daga jirage, an mayar da ni garejin motoci. Manjo an ɗauke shi zuwa wani wuri, ba a faɗi ina ba. An ce sababbin tiyo za su iso jibi, a jirgi na musamman. Ashe ana iya kawo su cikin kwana shida.

Na dawo gida na cire rigar, na zauna da reza zan farke igiyoyin. Rezar ta zame, na yanki yadin. Uwar Biyu tana wucewa da bokiti. Ta ajiye shi, ta karɓe rigar da rezar daga hannuna, ta zauna a ɗaya gefen tabarma. Ta farke su ɗaya bayan ɗaya, zare bayan zare, ta ɗinke inda na yanka.

Na ce mata gobe zan je gidan Kyaftin. Matarsa ta ji daga bakin mutane, amma ba ta ji daga nawa ba.

Ta ce, "Me za ka ce mata?"

Na ce abin da na ce wa kwamiti. Da kuma yadda ya sauke jirgin, don ni na ga sawun a yashi, na san abin da ya yi.

Ta ce, "In ta kore ka fa?"

Na ce sai in tafi.

Ta ciji zaren ta tsinke shi, ta ninke rigar ta ɗora mini a cinya. Ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce. Amma ba za ka shiga gidan nan kai kaɗai ba. Ƙarfe nawa?"

Na ce goma.